KEWAYA DUNIYA: Gida a Kan Taya, Lambu a Cikin Teku

Tafiyar wannan wata da nisa take, gama za mu haye Tekun Indiya har gaɓar yamma ta ƙasar Ostareliya, inda akwai wani gandun daji na gwamnati da ake kira Cape Range. Gandun kansa busasshen wuri ne, duwatsu da ciyawa mai tsini, ba wata inuwar kirki. Wanda ya hange shi ta tagar mota zai ce ba abin da zai kai mai hankali can. Duk da haka kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, iyalai sukan kwashi 'ya'yansu su yi tafiyar kwana biyu ko uku domin su je su sauka a wurin. Abin da yake jawo su ba a tudu yake ba. Yana cikin ruwa, taku kaɗan daga inda suka ajiye mota.

Matanmu sun san murjani, jan dutsen adon nan da kakanni suke sawa a wuya. Daga Bahar Rum fatake suke kawo shi ta hamada tun zamanin da. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka dutse ne da ake haƙowa. Ba haka ba ne. Wasu ƙananan halittu ne na cikin teku suke gina shi, kowace ɗaya ba ta fi ƙwayar gero ko ta wake ba. Tana ɗiban sinadarin farar ƙasa daga ruwa, tana gina wa kanta ɗan gida mai tauri, 'ya'yanta kuma su yi gini a kan nata. Jan murjani na ado iri ɗaya ne kawai. Akwai danginsa na ruwan ɗumi, waɗanda gininsu yakan tasa har ya zama katanga a cikin teku. Irin wannan katanga ce ta miƙe a gaban Cape Range. Sunanta Ningalu, tsawonta kuwa wajen kilomita 260 ne. A shekarar 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan gaɓa cikin wuraren da ake kiyaye wa duniya duka.

Ostareliya tana da wata katangar murjani da ta fi wannan girma da suna, can a gabas, wadda tsawonta ya wuce kilomita 2,000. Amma ita sai an biya kuɗin jirgin ruwa an yi tafiya mai nisa kafin a kai yawancinta. Ta Ningalu kuwa a wasu wurare yaro ɗan shekara bakwai zai shiga ruwa daga bakin yashi, kafin ya yi iyon minti biyu ga shi a bisa murjani.

Me ya kawo ta kusa haka? Rashin ruwan sama ne. Murjani ba ya jituwa da laka, ba ya kuma son ruwan daɗi. Inda babban kogi yake zuba a teku, sai ya yi nesa da wurin. A Cape Range ruwan saman shekara bai cika kai milimita 300 ba, watau bai kai rabin na Kano ba. Ɗan abin da ya sauka kuma duwatsun farar ƙasa sukan shanye shi, gama cike suke da ramuka da koguna na ƙarƙashin ƙasa, har akwai wasu makafin kifaye da suke zaune a cikinsu ba su taɓa ganin rana ba. Ba kogin da yake kwararo jan ruwa cikin teku. Saboda haka ruwan gaɓar garau yake, murjani ya samu sarari ya matso har bakin ƙofa. Ku riƙe wannan, gama daɗin wurin da wahalarsa da hatsarinsa duk daga nan suka fito.

To, bari mu fara da hanya. Yawancin masu zuwa daga Perth suke tasowa, babban birnin jihar. Daga can zuwa Exmouth, garin da yake kusa da gandun, wajen kilomita 1,250 ne, ya fi nisan Kano zuwa Ikko. Ana bi ta Geraldton, a wuce Carnarvon inda ake noman ayaba da mangwaro a bakin kogin Gascoyne, sa'an nan a shiga ƙasar da sai a yi tafiyar kilomita ɗari ko fiye ba gari, ba gidan mai. Suri ne jajaye birjik a gefen hanya, wasu sun fi mutum tsawo. A hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Manyan motocin kaya sukan ja tirela biyu ko uku a jere, wuce su sai da natsuwa. Direba mai hankali kuma ba ya tafiya da almuru ko da asuba, gama lokacin ne kangaru da shanu da awaki suke fitowa kan kwalta. Akwai kuma wani tsuntsu mai kama da jimina, emu, wanda har cikin garin Exmouth yakan yi yawonsa kamar shi ne mai unguwa.

Motar da suke tafiya da ita ita ce abin kallo. Daga waje sai ka ce bas ce ta haya. A ciki kuwa akwai murhun gas mai kai biyu, da ɗan firji, da wurin wanke kwanoni, da tankin ruwa a ƙarƙashi. Teburin cin abinci da dare akan sauke shi ya zama gado. A wasu akwai wani gadon a sama da kan direba, wanda yara suke rigima a kansa. Wutar lantarki daga batir take zuwa, farantin hasken rana yana cika shi. Wasu iyalai tasu ce, wasu kuwa haya suke yi na mako biyu ko uku. Ko da yake gida ne, in yana tafiya mota ce, doka kuma ba ta yarda kowa ya kwanta a gado ana gudu ba. Kowa da kujerarsa da ɗamararsa, yaron da bai kai shekara bakwai ba kuwa sai a kujerar yara.

Kada mai karatu ya zaci hutu ne irin na otel. Mutum biyar a ɗakin da bai fi zauren ƙaramin gida ba, in wani zai wuce sai wani ya tashi. Wanda ya jefar da takalminsa a ƙasa, kowa zai yi tuntuɓe da shi. A ganinmu wannan matsi yana cikin amfanin tafiyar. A gida yaro yana iya zamewa daga aiki ba a lura ba. A nan in bai wanke kofinsa ba, ba kofin da zai sha shayi da shi gobe.

Garin Exmouth ba tsohon gari ba ne. A 1967 aka buɗe shi, domin ma'aikatan wata tashar sadarwa ta sojojin ruwan Amurka, wadda dogayen turakunta har yanzu ana hango su daga nesa. Nan ne zangon ƙarshe na sayen abinci da mai da cika ruwa. Garin yana gabashin wani dogon tsinin ƙasa, gandun kuwa yana yammacinsa, don haka sai hanya ta yi arewa ta kewaye tsinin, ta wuce wata tsohuwar hasumiyar fitila ta 1912, kana ta juyo kudu tana bin gaɓa. Masaukan gandun suna jere a wannan gaɓa, irin su Mesa da Kurrajong da Osprey Bay. Kowane ɗan fili ne da aka share, aka yanka wa kowace mota wurinta, da shadda, shi ke nan. Ba famfo, ba lantarki, ba kanti. Ba a yarda a hura wutar itace ba, ba a shiga da kare. Akan nemi wuri ta intanet tun wajen wata shida kafin ranar, a lokacin hutun makaranta kuwa sai wanda ya riga.

Ruwa shi ne babban lissafi. Mu ɗauka ga maigida da uwargida da 'ya'ya uku. In kowa zai sha lita huɗu a yini, jarka guda mai lita 20 ta tafi ke nan kowace rana, ba a yi girki ba, ba a wanke kwano ba. Kwana biyar, jarka biyar na sha kaɗai. Kowace lita kuma kilo guda ce a kan tayar mota. Wanda ruwansa ya ƙare sai ya koma Exmouth, tafiyar awa guda ko fiye, ya kuma dawo. Don haka wanka yakan zama na tsumma da kofi biyu. Gashin yara yakan yi tauri da gishiri, ba mai damuwa. Matan ƙauyukanmu da suke ɗauko tulu daga rijiya mai nisa za su yi murmushi su ji Bature yana biyan kuɗi domin ya koyi auna ruwa da kofi. Su yi murmushinsu, suna da gaskiya. Amma wannan fari da ya hana famfo a masauki, shi ne ya sa lambun yake bakin ƙofa.

Yanzu sai mu shiga ruwa. Kayan aikin uku ne, ba su da tsada. Akwai gilashin fuska mai bakin roba, wanda yake rufe ido da hanci. Idon mutum ba ya gani sosai in ruwa yana taɓa shi, amma da zarar an sami iska tsakanin ido da gilashi sai kome ya fito sarai. Akwai bututun numfashi, lanƙwasasshe, mutum ya kama gindinsa da haƙora, bakinsa na sama yana waje da ruwa. Sai takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mutum yakan kwanta rubda ciki a bisa ruwa, fuska a ƙasa, yana numfashi ta baki, yana kaɗa ƙafa a hankali. Ba nutso ba ne, ba a kuma ɗaukar tukunyar iska a baya. Ruwan gishiri yana ɗaga jiki fiye da na kogi, don haka kwanciyar ba wuya.

Yara sukan tambaya, me ya sa ba a yi bututun da tsawo ba, mutum ya yi yawonsa can ƙasa? Dalili biyu ne. In ya yi tsawo, iskar da ka fitar ba za ta kai waje ba, ita za ka sake shaƙa. Sa'an nan in ƙirji ya yi ƙasa ko da mita guda ne, nauyin ruwa yakan danne shi har ya gagara jawo iska daga sama. Shi ya sa tsawon bututun bai cika wuce kamu biyu ba.

Iyaye masu lura ba su kai yaro kan murjani ranar fari. A ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu ake farawa, a kan yashi, inda in ya tsorata zai miƙe tsaye. Zai koyi numfashi ta baki kaɗai, abin da jiki yakan ƙi da farko. Zai koyi hura bututu da ƙarfi in ruwa ya shiga. Zai koyi shafa ɗan yau a cikin gilashi ya ɗauraye domin kada ya yi hazo, wannan kam yara ba su ƙi ba. Wanda iyonsa bai nuna ba akan sa masa rigar da take hana nutsewa. Akan kuma sa wa kowa riga mai dogon hannu, gama wanda ya kwanta a bisa ruwa ba ya jin zafin rana, sai da dare bayansa da bayan ƙafafunsa su kama wuta. Baƙar fata ma tana ƙuna a can. Ban da haka, a watan Yuli da Agusta ruwan da ɗan sanyi, ƙaramin yaro ba ya daɗewa sai ya fara kaɗuwa. In leɓensa ya sauya, lokacin fita ya yi, ko yana kuka.

Abin da ake gani, ina bakin faɗa! Wani murjanin kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani dunƙule kamar rumbu. Irin kifayen da aka ƙidaya a Ningalu sun kai 500. Ga shuɗɗa ƙanana da suke nutsewa cikin rassan murjani gaba ɗaya in inuwa ta gifta. Ga wani mai baki kamar na aku, kore da shuɗi, yana gurgurar murjani har ana jin ƙarar haƙoransa a cikin ruwa. Abin da ya niƙa ya fitar yana cikin farin yashin da ake takawa a gaɓa. Ga kififiya tana kiwo ba ruwanta da kowa. Wani lokaci ɗan ƙaramin kifin shak mai baƙin tsini a fiffike yakan gifta, gaban uwa ya faɗi, shi kuwa gudun mutane yake yi.

Wurin da ya fi suna shi ne Turquoise Bay, wajen kilomita 60 daga Exmouth. An sa masa sunan ne saboda launin ruwansa, shuɗi mai haske da ya yi kusa da kore. A nan za mu daɗe, gama nan ne maganar take.

Ku tuna katangar murjani tana can gaba, gaɓa tana nan, tsakaninsu kuwa wani dogon tafki ne marar zurfi. Raƙuman ruwa daga babbar teku suna dukan katangar dare da rana, suna tsallakowa cikin tafkin. Ruwan da ya shigo dole ya fita. Ba zai koma ta inda ya shigo ba, gama wani yana biye da shi. Sai ya bi gefen gaɓa yana neman ƙofa, watau inda katangar ta tsage. A Turquoise Bay ruwan yana tafiya daga kudu zuwa arewa, kamar kogi marar hayaniya. Mutane sun mai da wannan abin wasa. Sukan taka a kan yashi su yi kudu, su shiga ruwa, su kwanta, ruwan ya ɗauke su a hankali ya bi da su ta bisa lambun ba tare da sun wahala ba. In sun fito sai su sake komawa kudu a ƙafa. Yara ba su gajiya da shi.

Amma a ƙarshen wannan tafiya akwai wani tsinin yashi da ya shiga cikin ruwa, daura da shi kuwa ƙofar take. A nan ruwan yake tattaruwa ya juya ya nufi babbar teku, ƙarfinsa kuma ya ƙaru. Ƙa'idar ita ce a fita tun kafin a kai tsinin. Wanda ya shagala da kallon kififiya, fuskarsa a ƙasa, ba zai san ya wuce ba sai ya ɗaga kai ya ga gaɓa tana yin nisa. An yi asarar rayuka a wannan gaɓa, ba kuwa yara kaɗai ruwa yake ci ba. Ba ma'aikacin ceto da yake zaune a wurin yana tsaro. Akwai alluna masu gargaɗi, iyakarta ke nan. Wayar hannu ba ko'ina take kamawa a gandun ba. Asibiti yana Exmouth, in abin ya yi tsanani kuwa sai likitocin nan masu tafiya da jirgin sama, waɗanda suka fara aiki a ƙasar tun 1928, su ɗauki mutum zuwa babban birni.

Abin da yake ruɗin mutane shi ne kyan wurin. Da ruwan baƙi ne mai tumbatsa, kowa zai ja da baya. Wannan kuwa garau yake, ana ganin yashin ƙasa, sama lumui kamar ruwan randa. Mu ma mun san irin wannan a gulabenmu: ba inda ruwa yake ruri yakan ci mutum ba.

Ga yadda gida mai tsari yake yi. Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, sai maigida ya tara su a kan yashi su tsaya su duba. Ina ruwa ya nufa, da wane sauri? Ana iya ganewa ta kallon waɗanda suka riga shiga. In raƙuman suna da girma a kan katanga ran nan, jan ruwan ma zai yi ƙarfi, sai a bar shi a koma ɗaya gefen tsinin inda ruwa ya fi kwanciya, ko a tafi Lakeside kusa da ofishin baƙi na Milyering, a tambayi ma'aikata. In kuwa za a shiga, sai a zaɓi wurin fita tun ana tudu, a ajiye wani abu mai launi a wurin, ko laima ko jan tawul, nesa da tsinin. Kowane yaro da babban da yake riƙe da shi, ba a cewa “muna ganinsu” daga nesa. In yaran sun fi manya yawa, sai a yi bi da bi, uwargida ta zauna da biyu a gaɓa, maigida ya shiga da ɗaya. Kowa ya riƙa ɗaga kai a kai a kai yana neman jan tawul. In an zo daidai da shi, fita ake yi. Lalle za a ji “Baba, saura kaɗan, ga wata kififiya can!” Amsar ita ce a'a, kuma tun a masauki ya kamata a gama wannan magana, gama mutum ba ya gardama da bututu a baki.

Wanda ruwa ya riga ya ja, kada ya yi kokawa da shi gaba da gaba, gama ruwa ba ya gajiya, mutum kuwa yana gajiya. Ya kwanta ya bar jikinsa ya yi yawo a sama, ya ɗaga hannu ɗaya domin a gan shi, in da ƙarfi ya yi iyo a karkace ya fita daga bakin jan. Takalman agwagwan nan a irin wannan sa'a suke biyan kuɗinsu, saboda haka ba a shiga wurin ba tare da su ba. Muna kuma jan kunnen iyaye maza musamman. Mutum ya kai shekara hamsin, rabonsa da iyo tun yana saurayi, amma kunya ba za ta bar shi ya sa rigar hana nutsewa a gaban 'ya'yansa ba. Ya sa abarsa. Yaron da ya ga ubansa ya sa ba zai ƙi tasa ba.

Kaɗan kudu da nan akwai Oyster Stacks, inda murjani ya matso har kusan bakin duwatsun gaɓa. A nan wata doka ce dabam, kuma ba domin mutum aka yi ta ba. Teku tana cika tana janyewa kowace rana, bisa ga jan wata da rana. Hukumar gandun ta ce kada a shiga wurin sai cikar ta kai mita 1.2. In ba ta kai ba, cikin mutum da takalmansa za su riƙa gugar murjani. Don haka takardar lokutan cikar teku ita ce agogon masauki. Ita take faɗin lokacin karin kumallo da lokacin barcin rana. Wata rana cikar ba za ta kai ba sam, sai a haƙura a tafi Yardie Creek, inda kwalta ta ƙare, a kalli ƙananan dangin kangaru masu baƙin ƙafa a kan jajayen duwatsu.

Me ya sa ake wannan tsanani? Domin ginin a hankali yake tafiya. Mai rassa yakan ƙaru da wajen santimita 10 a shekara, dunƙulallen kuwa wajen santimita 1. Wanda ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanka. Abin da yake da rai ɗan siririn saman ne kawai. Mutum guda da ya gaji ya tsaya a kai domin ya gyara gilashinsa ya karya aikin shekaru. Wuri mai nisa jirgi kaɗan ne suke kai masa. Wanda yake bakin ƙofa kuwa ƙafa dubu ce take bi ta kansa. Shi ya sa ake koya wa yara cewa in za a tsaya, a nemi farin yashi. Ba a taɓawa, ba a ɗauka, ba a ba kifi abinci. A wuraren da aka keɓe, waɗanda suka kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan gandun, ko ƙugiya ba a jefawa.

Mutanen jihar sun taɓa tashi tsaye a kan wannan gaɓa. An so a gina wani babban masaukin baƙi da tashar jiragen ruwa a Mauds Landing, can wajen kudancin katangar. Dubban mutane suka fito suka ƙi, cikinsu har da marubucin nan Tim Winton, a 2003 kuwa gwamnatin jihar ta hana aikin. Sai dai akwai abin da zanga-zanga a titin Perth ba ta iya tsayarwa. A cikin jikin murjani akwai wata 'yar gansakuka da ido ba ya gani, ita take ba shi launi da yawancin abincinsa. In ruwa ya yi zafi fiye da kima na makonni, sai murjani ya kore ta, ya koma fari fat. In sanyi ya dawo da wuri yakan farfaɗo, in bai dawo ba ya mutu. A farkon 2025 zafin teku ya sauka a wannan gaɓa, Ningalu ta yi farin da ba a taɓa ganin irinsa a wurin ba, murjani mai yawa kuma ya mutu. Iyalin da suka je bayan wannan za su ga wurare masu rai, za su kuma ga wuraren da suka zama kufai. A ganinmu bai kamata a kau da idon yara daga kufan ba. In sun tambaya, a gaya musu abin da ya faru.

Akwai sauran abubuwa da ba za mu daɗe a kansu ba. Daga wajen Maris zuwa Yuli kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda Turawa suke kira wel-shak, yakan zo bayan katangar. Ƙananan halittu yake tacewa ya ci, ba ya cin mutum. Ganinsa sai da jirgi da kuɗi masu yawa, kuma ba a matsarsa ƙasa da mita 3. Daga Nuwamba zuwa Maris kififiyoyi sukan hau yashi da dare su yi ƙwai, kowace wajen ɗari a rami guda, ba a kuwa haska musu tocila. Amma lokacin zafi ne, yakan wuce digiri 40, lokacin guguwa kuma. Wadda aka kira Vance ta rushe gidaje da yawa a Exmouth a watan Maris na 1999, da iska mai gudun kilomita 267 a awa. Shi ya sa masu ƙananan yara suka fi son tsakiyar shekara, gama a can sanyi a Yuni da Yuli yake.

Kada kuma a ɗauka masu motoci ne suka fara sanin wurin. 'Yan asalin ƙasar, irin su Baiyungu da maƙwabtansu, suna zaune a wannan gaɓa tun fil azal. A wani kogon dutse a Mandu Mandu, cikin gandun nan, masu bincike sun tono ƙananan bawon dodon koɗi na teku da aka huda domin a zura a zare. Shekarunsu sun wuce 30,000, suna cikin tsofaffin kayan ado da aka sani a duniya.

Da yamma iska takan taso daga teku, sai a naɗe rumfar mota kada ta karye. A shanya gilasai da bututai a inuwa, a karkaɗe yashi daga gado, a sauke tebur. Da yake ba lantarki a gandun, taurari sukan sauko ƙasa ƙasa, yara su nemi biyar ɗin nan masu siffar gicciye da suke kan tutar ƙasar. Kafin a kashe fitila uwargida takan ɗaga jarkokin ɗaya ɗaya ta ji nauyinsu, maigida kuwa ya duba takarda ya ga ƙarfe nawa teku za ta cika gobe, da ko za ta kai mita 1.2.